Yatsuna Biyu da Amanar Zuwaira

Na daɗe ina jan ƙafa a kan rubuta wannan labari. Abin da ya sa na zauna yanzu shi ne wata baiwar Allah mai ciwon suga irin nawa da ta tare ni a shagon kayan abincinmu na Hyattsville, ta ce ta ji an ce na taɓa zuwa Alaska, ita ma yaranta suna so su kai ta, ko ina da shawara. Na tsaya riƙe da ledar kuka da daddawa, na rasa ta inda zan fara. Allah Ya ba ni lafiya, na gode maSa. Amma ba zan ɓoye abin da aka yi min ba, kuma ba zan ɓoye wautar da na yi wa kaina ba.

Sunana Rabi. Ina koyar da lissafi a wata sakandare a nan Maryland. Muna zaune a Beltsville da maigidana Nasiru, wanda nake kira Abban Ilham, da 'yarmu ɗaya tilo. Lokacin da abin ya faru ina da shekara arba'in da shida, na kuma yi tara ina fama da suga. Likitana ya riga ya gaya min ƙafafuna sun fara rage ji, in riƙa duba su kullum.

Zuwaira kuwa ƙawata ce tun makarantar kwana a Kano, gadonmu ɗaya, tana sama ina ƙasa. Nas ce a wani babban asibiti a cikin Washington. Ita ta tarye ni a filin jirgi ranar da na sauka ƙasar nan. Ita ta riƙe hannuna ranar da na haifi Ilham. Ko ciwon sugan ma ita ta fara gano shi, ta soki yatsana a falonta ta ce gobe-gobe in je asibiti. Na faɗi duk wannan ne don a san ba wata baƙuwa na bi ba.

Ita ta kawo maganar tafiyar. Ta ce a hutun makaranta na ƙarshen Maris mu je Alaska mu taka kogin ƙanƙara, wato ƙanƙarar da ta taru shekaru aru-aru tsakanin duwatsu har ta zama kamar kogi daskararre, mutane na zuwa suna tafiya a kai har su kai ga wani kogo na ƙanƙara. Ta ce mun gaji da aiki da girki, mu ma mu ga duniya. Abban Ilham bai so ba.

"Zuwaira, kin san lalurarta," in ji shi. "Sanyin nan namu ma ya ta ƙare da shi?"

Ta dafa ƙirji ta ce, "Haba Yaya Nasiru, ni ce fa. Aikina ke nan. Ka ba ni amanarta, yadda na ɗauke ta haka zan dawo maka da ita."

Da wannan maganar ya bari.

Daga birnin Anchorage na can Alaska muka yi tafiyar sa'a biyu da wani abu a mota. A wani ɗaki na katako aka ba mu manyan takalma na haya da wasu ƙarafa masu haƙora da ake ɗaurawa a ƙasansu don kada a zame. Aka kuma miƙo mana fom. Akwai layin da ya tambayi ko mutum yana da ciwon zuciya, ko suga, ko matsalar jijiyoyin ƙafa. Na ɗora biro zan cike, Zuwaira ta taɓa ni.

"Kada ki sa. In kika sa sai su ce ki zauna a mota. Duk don su kare kansu suke yi. Ba ga ni ba?"

Na rubuta babu, na sa hannu.

Ba zan yi ƙarya ba, wurin yana da kyau. Ban taɓa ganin shuɗi irin wannan ba, kamar an kunna fitila a cikin ƙanƙarar. Shiru ne ko'ina, sai ƙarar ƙarafan ƙafafunmu, ƙaras ƙaras. Na yi ta tasbihi a raina. Mu tara ne, jagorarmu wata Baturiya ce doguwa mai fara'a. Kafin mu tashi sai da ta maimaita sau biyu: akwai wuraren da ruwa ke kwance a ƙarƙashin ɓawon ƙanƙara, duk wanda ƙafarsa ta jiƙe ya gaya mata nan take, tana da busasshiyar safa a jaka, in abin ya yi yawa kuma za a juya da kowa.

Mun yi kamar minti arba'in muna tafiya, ni da Zuwaira muna can baya saboda hotunan da take ɗauka, sai na ɗan kauce wa sawun mutane. Ƙafata ta hagu ta burma har ƙwauri. Na ji ruwan ya cika takalmin, sanyin ya soke ni har cikin kai. Na zaro ta na buɗe baki zan kira jagorar, Zuwaira ta kama hannuna.

"Yi shiru mana! So kike ta mai da mu? Ga kogon can da muka zo dominsa, saura kaɗan. Ki riƙa motsa yatsun, tafiya za ta ɗumama ki."

"Zuwaira, zafi nake ji sosai."

"Zafin ai alama ce mai kyau, jini na gudu ke nan. Ni ce nas ko ke?"

Na bi ta. Bayan wani lokaci zafin ya ɗauke, har na ji daɗi, na ce mata ta yi gaskiya. Ashe lokacin ne ƙafar ta fara mutuwa. Mun ƙara fiye da sa'a biyu a kan ƙanƙarar nan. Ina da hoton da ta ɗauke ni a bakin kogon, ina dariya, ƙafar wandona ta hagu ta daskare ta yi tauri.

Da muka koma masauki bayan la'asar na cire safa, yatsu uku sun yi fari fat, da tauri kamar kyandir. Na ga fuskar Zuwaira ta sauya, amma nan da nan ta saki murmushi. Ta ce ba komai. Ta murza su da hannu da ƙarfi, ta tara ruwan zafi daga famfo ta ce in tsoma, sannan ta ɗauko na'urar busar da gashi ta kara a kai. Ba na jin komai, don haka ban san ko ruwan ya yi zafi da yawa ba. Na ce ko mu je asibiti. Ta ce in muka je za su kwantar da ni, jirgi ya tashi ya bar mu, ita kuma tana da aiki jibi.

A cikin jirgi ƙafar ta farka. Ban taɓa jin azaba irin wannan ba, ko a naƙuda. Ina cije mayafi, ita kuma ta sunkuyo kusa da kunnena.

"Rabi, in an kai ga ganin likita, don Allah kada ki ambaci sunana. Kin san ƙasar nan. Magana ɗaya sai su taɓa min lasisi. Ki ce ke kika ɗumama abarki."

Na ce to. Ƙawata ce, tana da yara uku.

Satin farko. Washegarin dawowarmu yatsun suka yi bororo manya-manya, biyu cike da baƙin jini. Abban Ilham yana gani ya ɗauko mukullin mota. Mun yi sa'a biyar a sashen gaggawa, tsakanin mai tari da mai karaya, kafin a kira mu. Likitar da ta duba ni dattijuwa ce 'yar Indiya. Ta daɗe tana kallon ƙafar, sannan ta ce ciwo biyu take gani a nan: sanyi ya ci, wuta kuma ta ƙona a kai. Ta tambaya wa ya ɗumama ta, da me.

Na ce, "Ni ce."

Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce ƙafar da sanyi ya ci ba a murza ta, ba a kara mata zafi, balle ta mai suga da ba ta jin ƙuna. Ta ce da na sauya safa a minti goman farko, da wataƙila yanzu labari kawai nake bayarwa. Duk mai suga da ke karanta wannan ya riƙe maganar nan. Ya kuma faɗi gaskiya a kan fom, ko da za a bar shi a mota.

Kwana huɗu na yi a kwance ana min ƙarin ruwa da allurai. Na tambayi likitar ko za a yanke. Amsarta har yau tana kaina: "Ba mu za mu yanke hukunci ba. Ƙafar ce za ta ja wa kanta layi, mu jira mu ga inda za ta ja shi."

Zuwaira ta zo sau ɗaya, da kayan aikinta a jiki. Ta tsaya daga bakin gado, ba ta ɗaga bargon ba. Ta ce tana sauri. A bakin ƙofa na ga ta tsaya da Abban Ilham suna magana ƙasa-ƙasa, na ɗauka jaje take masa.

Sati na biyu da na uku a gida na yi su, ƙafa a kan matashi uku. Kullum da safe kafin ya tafi aiki Abban Ilham zai durƙusa ya kwance bandeji, ya wanke ciwon yadda aka koya masa, ya shafa magani ya naɗe. Hannunsa da taushi, amma bakinsa a rufe. Shekara goma sha takwas muna tare ban taɓa ganin ya yi min irin wannan shirun ba. Ilham, tana da shekara goma sha biyar a lokacin, ita ke auna min suga, ina mata Hausa tana amsa min da Turanci, tana ɓoye hawayenta a banɗaki.

Shawara kuwa ta zo kamar ruwan sama. Hajiyata daga Kano ta ce a shafa zuma da man habbatussauda. Ƙanwar Abban Ilham ta ce lalle, wai yana janye baƙin jini. Wani abokinsa ya ce a kai ni Masar. Wata ta bugo takanas ta ce ai sammu ne, me zai kai 'yar Kano kan ƙanƙara in ba an kira ta ba. Hajiya ta fi kowa ba ni tausayi. Kullum sai ta ce, "Rabi, kada ki bari su taɓa miki jiki da wuƙa. Turawan nan ba su da haƙuri." Na ce mata wannan karon su ne ma ke cewa a jira.

Wadda ta riƙe ni da gaske ita ce Anti Mariyama, wata dattijuwa 'yar Damagaram da ke zaune a Hyattsville, mijinta tsohon ma'aikacin gidan rediyo ne. Ba mu da wata shaƙuwa da ita a da, gaisuwa ce kawai a wurin taro. Amma da ta ji, sai ga ta da kwanon fate da zogale. Daga ranar kusan kullum tana zuwa bayan azahar. Ita ke kama ni zuwa banɗaki, ita ta koya min taimama da sallah a zaune ba tare da na ji kamar na gaza ba, ita ke kai ni wankin ciwo duk Talata da Juma'a idan Abban Ilham bai samu fita ba. Allah Ya saka mata da Aljanna.

A sati na huɗu layin ya fara fitowa. Babban yatsa ya dawo ja, yana zafi, likita ta ce wannan ya tsira. Biyun da ke binsa suka yi baƙi, suka bushe, suka ƙanƙance kamar busasshen dabino. Hutun jinyata na makaranta ya ƙare, aka ɗauki wani ya riƙe min aji. Takardun asibiti da na inshora suka fara taruwa a kan teburin cin abinci, Abban Ilham yana kwashe su kafin in gani. Na kira Zuwaira sau shida a satin nan. Sau ɗaya ta amsa da saƙo: aiki ya yi yawa, tana min addu'a.

Ran nan da safe yana naɗe bandeji sai na kasa daurewa.

"Abban Ilham, in faɗa za ka yi min ka yi. Shirun nan ya fi ciwon ci na."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Abu ɗaya ne na kasa ganewa. Kina tare da nas, ƙawarki ta ƙuruciya. Ƙafarki ta faɗa ruwa, ki ɓoye mata har sa'a uku? Ki kulle kanki a banɗaki ki ƙona ƙafarki? Me kike tunani, Rabi?"

"Wa ya ce maka na ɓoye mata?"

"Ita ta gaya min, a asibiti. Tana kuka ta ce in yafe mata, da ta sani da ba a kai haka ba."

Na ji kamar an ɗauke gadon daga ƙarƙashina. Amma ko a lokacin ban gaya masa gaskiya ba. Na ce wa kaina tsoro ne ya sa ta, za ta dawo ta gyara.

Bayan kwana biyu Anti Mariyama ta shigo ba fara'a. Ta je suna a Upper Marlboro ranar Asabar. Ta zauna a gefen gado ta ce, "Ɗiyata, ni ba na ɗaukar magana daga wani gida in kai wani. Amma wannan ta tsaya min a wuya. Ƙawarki ta zauna cikin mata sun fi ashirin, tana nuna hotunanku, tana cewa ta hana ki tafiyar kika nace, ta ce ki faɗa musu kina da suga kika ƙi. Har ta ce ke dama tun kuna yara ba kya jin magana. Ni kuwa na ga yadda kike kallon wayarki kullum. Gaya min gaskiya."

A nan na fashe. Na gaya mata komai, tun daga fom har cikin jirgi. Ta saurara har na gama, ta ce, "To, ba ni ya kamata in fara ji ba. Mijinki ne. Kin bar shi wata guda yana wanke miki ciwo da baƙin ciki a ransa, don ki rufa wa wata asiri."

Kafin in gaya masa sai da na sake kiran Zuwaira, da wayar Anti, don na san za ta ɗauka.

"Ni ce, Rabi."

Ta ce, "Au, ya jikin?"

"Zuwaira, na rufa miki asiri wurin likita kamar yadda kika roƙa. Me ya sa ba ki tsaya a nan ba? Me ya sa sai kin ɗora min?"

"Mutane ne ke ta tambayata, ya kike so in ce?"

"Ki ce abin da ya faru."

Sai muryarta ta yi tauri, irin wadda ban taɓa ji ba. "Ke fa ba yarinya ba ce, Rabi. Hannun wa ke kan fom ɗin? Bakinki na ɗinke a kan ƙanƙarar? Ki yi haƙuri da ƙaddara, kada ki jawo min abin da zai raba ni da abincin 'ya'yana."

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne akwai gaskiya a ciki. Hannuna ne a kan fom. Bakina a buɗe yake. Abin da ban iya ce mata ba shi ne na yi shiru ne saboda ita ce ta ce in yi, kuma da wani ne daban a duniyar nan da ban saurare shi ba. Ta kashe wayar.

Da Abban Ilham ya dawo na zaunar da shi na faɗa masa. Ya miƙe ya je taga ya daɗe a tsaye. Ya ce gobe zai rubuta wa hukumar da ke ba su lasisi. Na ce a'a. Ba don ita ba, don yaranta uku da ke kirana Mama. Mun kwana biyu muna ja a kan wannan, daga baya ya bari, ban san ko daidai na yi ba har yau. Amma washegarin ranar da na faɗa masa, da ya durƙusa zai kwance bandeji, sai ya riƙe ƙafar da hannu biyu ya ce, "Ki yafe min. Na yarda da ita ban tambaye ki ba." Na ce ni ma ya yafe min. Daga ranar hira ta dawo gidanmu.

A sati na bakwai aka yi aikin. Yatsu biyu. Bai ɗauki sa'a guda ba. Da na farfaɗo na ga Ilham a kaina, ta ce da Hausarta mai karkacewa, "Mama, sannu. Kin yi ƙoƙari." Hajiya ba mu gaya mata ba sai da aka gama. Ta yi kuka, ta yi salati, sannan ta ce, "To, takwas ma Allah ne Ya bar miki." Ciwon ya ƙi rufewa da wuri saboda suga, ya yi ruwa sau ɗaya aka mai da ni asibiti kwana uku. Sai da na koyi tafiya sabuwa, da sanduna biyu, sannan ɗaya, sannan da wani takalmi mai faɗin baki da aka auna min. Ba a san aikin ɗan yatsa ba sai an zo juyawa a kicin an ji ana neman faɗuwa.

Zuwaira ba ta zo ba, ba ta bugo ba. Matan da suka ji labarinta wasu sun zo dubiya suna min nasiha a kan jin magana. Na sha shayi da su, ban gyara musu ba. Anti Mariyama ce ba ta iya shiru, na ji an ce ta gyara wa da yawa.

Azumi ya zo a tsakiyar zafi, likita ta hana ni yi. Ranar ƙaramar Sallah ita ce ranar farko da na fita taro ba sanda. An yi idin a wani babban zaure da aka kama haya, mutane maƙil. Na cire takalmi da safa saboda santsin daɓen, na shiga sahun mata na tsaya a ƙarshe. Ana ta matsowa ana cike gurbi, sai wata ta shigo da sauri ta tsaya a haguna. Tun kafin in juya na gane turarenta.

Ita ba ta lura ba sai da ta sunkuyar da kai za ta daidaita ƙafarta da tawa. Ta ga gurbin. Wata huɗu da rabi, ranar ce ta fara ganin abin da ya rage. Ta janye ƙafarta, ta ja gefe, har aka samu fili tsakaninmu da yaro zai iya wucewa.

Na yi ta shirya maganganun da zan gaya mata in mun haɗu, wasu ma da ƙarfi nake maimaita su ni kaɗai a ɗaki. Ko ɗaya bai zo ba. Ban yafe mata ba a ranar, ba zan yi wa Allah ƙarya ba, har yanzu ina roƙon Ya ba ni ikon yi. Liman ya ce a daidaita sahu. Na kama gefen mayafinta na jawo ta.

"Matso," na ce. "Ki taka kusa da ita. Ba ta jin komai."

Ta matso. Aka yi kabbara. Raka'a biyun nan gaba ɗaya ina jin kukanta a kafaɗata, ni kuwa idona a bushe. Da aka yi sallama na ɗauki takalmina na fita wurin da Abban Ilham da Ilham ke jirana.